Inji ba ya tarewa shi kaɗai: abin da motar Baba ta koya mini

Shekara bakwai motar Baba ta yi a gindin dalbejiyar gidanmu da ke Yelwa, a nan Garwa ta ƙasar Kamaru. Peugeot 205 ce fara, ƙirar 1989, mai ƙofa biyar, irin wadda ake ɗaga bayanta gaba ɗaya har da gilashin. Tun da Allah ya yi masa rasuwa a 2016 ba wanda ya ƙara murza mata makulli. Tayoyi suka nutse cikin ƙasa, kaji suka mai da kujerar baya akurki, masu sayen tsohon ƙarfe kuwa ba watan da zai wuce ba su yi sallama sun taya ba. Inna ce ke hanawa. Ba ta dogon bayani, cewa kawai take yi, "A bar masa abarsa."

Ni sana'ata gyaran injin ban-ruwa ce da janareto. Yawancin masu kirana manoman rani ne na wajen Pitoa da Lagdo, kuma a bayan babur nake ɗaure kayan aiki, wani lokaci har da injin da na ɗauko zan gyara a gida. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da muke saya a kwalba a bakin titi, ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin hayar mota ya bi shi. A lokacin ne na fara kallon motar Baba da wani ido. Na buɗe bonet na tarar injinta na fetur, ɗan ƙaramin nan mai 1124cc, ya riga ya mutu: an cire filogi biyu an bar ramukan a buɗe, ruwan damina bakwai ya shiga ya kwanta, fistin sun manne da tsatsa. Tunda dole sai an sayi wani injin, na ce bari in sa na gazuwal, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira gas. Na nemi izinin Inna. Ta yi shiru, can ta ce, "In dai tashi za ta yi, Allah ya taimaka."

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka mota babban janareto ce mai taya. Na san fistin, na san nozul, na san famfon mai, sai na ga kamar sauran duk noti ne da sifana. Na je wajen masu kayan gwanjo na sayi inji XUD7, mai 1769cc da ƙarfin doki 60, wanda shi ne Peugeot ta riƙa sa wa 205 ta gazuwal tun daga kamfani. Na kawo shi gida a amalanke, na ajiye kusa da motar, zuciyata fes.

Washegari na je na ɗauko aminin Baba, tsohon bakanike da ya yi shekaru yana gyaran manyan motocin ɗaukar auduga. Baffa muke ce masa. Ya zagaya injin da sandarsa, ya leƙa cikin motar, sannan ya zauna a kan turmi ya ce, "Ɗana, ina kayan ɗakinta?"

Ban gane ba.

Ya ce, "Inji amarya ce. Ka taɓa ganin amarya ta tare daga ita sai kayan jikinta? Wannan da ka kawo, ba gado, ba tukunya, ba tabarma."

Sai ya shiga lissafo mini. Giyabos ɗin motar na injin fetur ne, ba zai haɗu da wannan ba, nasa daban ne. In giyabos ya canza, kardan biyu da ke juya ƙafafun gaba sun canza, sandunan sa giya sun canza, kuloci ya canza. Ƙafafun da inji ke zama a kai daban. Injin gazuwal gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, ya fi na fetur nauyi sosai, don haka sifirin ɗin gaba ba za su ɗauke shi ba. Yana son babban batir, babban lagireto, matatar mai irin tasa, da wayoyin da motar fetur ba ta da su sam. Yana faɗa ina jin kamar ana zare mini laka, domin rabin abin da na tara ya riga ya tafi a kan injin.

Abin da ya kamata in yi tun farko, wanda daga baya shi na yi, shi ne in nemi gawar mota sukutum. Wata biyu ina cigiya kafin a ba ni labarin wata 205 ta gazuwal a Ngaundere da aka daka daga baya, injinta ya tafi amma sauran kayan gaba suna nan. Na je na kwana biyu ina kwancewa da hannuna, kowane noti na sa shi a leda na rubuta inda ya fito. Da a ce irinta na saya da injinta tun ranar farko, da na rage kashe kuɗi, da kuma na ga yadda kamfani ya jera komai kafin in taɓa. Duk mai niyyar irin wannan aiki a gida, wannan ita ce shawarar da zan fara ba shi, kafin ma ya tambayi farashin inji.

Aikin jiki ba zan daɗe a kansa ba. Mai walda ya toshe ƙasan da tsatsa ta ci, na sauke tanki na wanke shi tas, na ja sabon bututun da ke mai da ragowar mai cikin tanki, na canza bututun burki duka. Wajen ɗaga inji na so in rataya sarƙa a reshen dalbejiya, Baffa ya hana, ya ce reshe ba ya sanarwa kafin ya karye. Muka haɗa ƙafa uku da bututun rijiyar burtsatse.

Inda na daɗe shi ne bel ɗin tayimin. A ƙananan injinan da na saba da su haƙoran ƙarfe ne ke haɗa komai, ka daidaita alama ka rufe. Wannan kuwa bel ne na roba yake juya kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, da famfon mai tare, kuma injin yana matse iska har ninki 23, wato tsakanin kan fistin da bawul kusan ba wuri. Haƙori ɗaya ko biyu ka kuskure, ko bel ya tsinke ana tafiya, fistin zai daki bawul, aikin wata da watanni ya lalace cikin ƙiftawar ido. Kamfani ya bar ramuka a jikin fulawil da ƙafafun bel ɗin, inda ake zura ƙarfe mai kaurin milimita 8 a kulle komai kafin a cire tsohon. Baffa ya sa na ɗaura sabon bel, na zare ƙarafan, na juya inji da hannu zagaye biyu, na sake gwada ko za su shiga raminsu. Suka shiga. Ya ce in sake. Sau uku na yi. A raina na ga kamar tsufa ne ke sa shi yawan tsoro, amma tun daga ranar ko injin ban-ruwa na haɗa sai na juya shi da hannu kafin in ja igiya.

Ranar tayarwa yaran unguwa suka cika ƙofar gida. Na murza makulli, fitilar buji, wato filogin da ke ɗumama inji, ta kama ta mutu, na buga sitata. Inji ya yi tari, ya kama, ya yi kamar minti ɗaya ya mutu. Haka muka yi kwana uku. In na matsa ɗan famfon hannu da ke kan matatar mai sai ya tashi, jim kaɗan ya sake mutuwa. Na yanke hukunci cewa babban famfon mai ne ya lalace, har na ɗauko sifana zan kwance shi in kai wa masu gyara. Famfon Lucas ne, kuma buɗe shi ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Baffa ya riƙe hannuna. Ya aiki yaro kasuwa ya sayo tiyo fari mai nuna abin da ke ciki, na sefa 500, muka sa tsakanin matata da famfo. Da inji ya tashi sai ga ƙwayoyin iska suna bin mai a jere kamar carbi. Robar ɗan famfon hannun ce ta tsage, tsagar da ido ba ya gani. Mai ba ya zuba ta wurin, iska ce kawai take shiga, shi ya sa ban ga ɗigo ko ɗaya ba. Ya ce mini, "Mai tsada ake zargi a ƙarshe, ba a farko ba." Na yi shekaru ina gyara, amma sai ranar na lura sau nawa na sa manomi ya sayi babban abu alhali ƙaramin ne ya lalace. Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki.

Sai maganar burki, wadda har yau in na tuna gabana yake faɗuwa. A motar fetur, injin da kansa yake zuƙo iskar da ke sa burki ya yi laushi a ƙafa. Injin gazuwal ba ya yin haka, sai an haɗa masa wani ɗan famfo na musamman. Na san da shi, yana cikin ledojin da na kawo daga Ngaundere, amma na ce ai zagaye ɗaya kawai zan yi a unguwa in ji yadda giya ke shiga. Ban faɗa wa Baffa ba. A kwanar masallaci wata yarinya mai tallan gyaɗa ta ratso, na taka burki na ji shi kamar dutse. Da ƙafa da burkin hannu na haɗa, motar ta tsaya saura taku biyu. Yarinyar ba ta ma san abin da ya faru ba, ta wuce da farantinta. Ni kuwa na kashe mota na zauna a ciki, hannuna na rawa. A nan na bar ta, da yamma muka turo ta gida. Ban yarda da maganar masu cewa gwaji ne kawai ba tun daga ranar. Titi ba ya sanin gwaji kake yi.

Na ɗauka na gama shan darasi, ashe zafin Garwa yana jirana. Babban lagireton gawar motar an sayar kafin in isa, sai na wanke ƙaramin na fetur na mayar, na ce zai riƙe kafin in samu kuɗi. Cikin sanyin Janairu da Fabrairu ya riƙe ɗin. A watan Afrilu na 2024, lokacin da zafi ke haura digiri 40 tun kafin azahar, na ɗauki injin ban-ruwa biyu zan kai Pitoa ranar Lahadi, ranar kasuwa. A hanyar dawowa allurar zafi ta fara hawa. Na gan ta. Na ce saura kaɗan in shiga gari. Wannan "saura kaɗan" ita ta cinye mini kulas, wato kan inji. A wannan injin kulas ɗin alminiyom ne a kan gangar baƙin ƙarfe, in zafi ya wuce kima sai ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa da hayaƙi su haɗu. Sai da aka kai shi aka goge fuskarsa. Wajen mayarwa ma na koyi cewa gasket ɗin ba kauri ɗaya ba ne, ana auna yadda fistin ya ɗago sama da gangar inji sannan a zaɓi wanda ya dace, kuma ana gane su da yawan tsagar da ke gefensu.

Mutane da yawa sun ce in cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya yi zafi, in jefar, wai kayan ƙasar sanyi ne. Kusan kowane gareji a nan haka ake yi. Ban bi ba, Baffa ma bai goyi baya ba. Ciwon motata ƙaramin lagireto ne, kuma cire tamostat ba ya ƙara masa girma. Na sayi babba, na gyara fankar ta riƙa tashi da kanta, na fitar da iskar da ke cikin hanyoyin ruwa ta ƙananan notocin da aka tanada don haka. Tun daga nan allurar ba ta ƙara wuce tsakiya ba.

Game da riba kuwa, gara in faɗi gaskiya. A Fabrairun 2024 litar fetur a gidan mai ta koma sefa 840, ta gazuwal 828. Bambancin sefa 12 ba shi ne zai mai da wa mutum kuɗinsa ba. Ribar tana cikin ƙarancin shan mai: a awona, lita biyar da ɗan ɗori take kai ni kilomita 100 da kaya a baya. Wanda ba ya doguwar tafiya kullum, kuma injinsa na fetur yana da rai, ban ga dalilin da zai sa ya shiga wannan wahala ba. Ni nawa ya mutu ne, kuma hanya ce abincina. Akwai kuma takardu: katin motar fetur ya ce, lambar inji ma ta canza, don haka sai da na bi aka gyara su kafin in fara fita gari da ita. Wannan ma a sa shi cikin lissafi tun farko.

Bayan Babbar Sallah na ɗauki Inna zuwa Ngaundere wajen ƙanwarta, tafiyar kusan kilomita 280. Baffa ya zauna a gaba, Inna a baya inda kaji suka taɓa kwana, an yi wa kujerar sabuwar riga. Da muka iso hawan dutsen nan da ke bayan Mbe, inda manyan motoci ke rarrafe, Baffa ya kashe rediyo ya karkata kunne. Na sauko giya ta uku, idona ɗaya a kan hanya ɗaya a kan allura. Motar ta riƙa hawa da wannan ƙarar ta gazuwal, a hankali, ba ta yi tari ba. Da muka kai sama ya ce in tsaya. Ya fita ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, ya daɗe, sannan ya zagaya baya ya tsuguna yana duban tayoyin.

"Ɗana," ya ce, "ka ga ƙafar hagun nan ta fara kwantawa ciki? Boris ɗin sandar baya ne. In mun koma gida shi za mu sauke."

Inna ta leƙo ta taga ta tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau. Ta ce to mu tafi, kada la'asar ta same mu a hanya.