Kada Ka Goge Maganadisu Kafin Ka Duba Abin Da Ya Kama

Ƙannena masu koyon gyaran manyan motoci, ina shekara ta biyu da buɗe garejina aka kawo mini wata tirela da za ta ɗauki wake daga Dawanau zuwa Legas. Direban ya ce in juye man aksul na baya, domin yana jin ɗan kuka duk lokacin da ya saki totur a gangara. Na kwance notin ƙasa, man ya zuba cikin wani tsohon daro mai ƙura. Na ga ƙarfe ya yi tuli a kan maganadisun da ke bakin notin, sai na sa tsumma na goge, na ɗaure, na ɗura sabon mai. Direban ya ce, "Malam, lafiya dai ko?" Na ce masa lafiya lau, kowane aksul haka yake.

Tsakanin Mokwa da Jebba motar ta tsaya. Boris ɗin finiyon, wato ƙaramar giyar da ke juya babbar giyar aksul da ake kira kiraun, ya watse, finiyon ya kauce daga mazauninsa ya ɓare haƙoran kiraun. Direba da yaronsa suka kwana huɗu a bakin titi suna gadin kayan mutane. Da a ce na tsaya na duba a wannan rana, da boris kaɗai za a canza. Motar ta gaya mini ciwonta sau biyu, da kukan nan da kuma abin da maganadisu ya kama, ni kuwa na goge shaidar da hannuna.

To, ga yadda nake yi yanzu. Ina juye man da ɗuminsa, bayan motar ta ɗan yi tafiya, kafin ƙarfen da ke ciki ya kwanta. Daron ya zama wankakke, a shimfiɗa farin ƙyalle a bakinsa don ya tace. Daga nan sai in ɗebo abin da ke kan maganadisu in murza tsakanin babban yatsa da manuni. Idan na ji laushi kamar kwalli da aka kwaɓa da mai, babu abin da ke sukar fata, wannan cin yau da kullum ne, musamman a aksul da bai daɗe da samun sababbin haƙora ba. Kada ka tsorata mai mota a kansa. Idan kuwa na ga ɓarɓashi siriri mai ƙyalli kamar ɓawon kifi, to fuskar boris ce ta fara ɓarewa, kuma boris da ya fara haka ba ya warkewa. Shi na goge a wancan karon. Guntu mai kauri kamar ƙwayar dawa ko masara, wannan yawanci haƙori ne ya karye, ko na kiraun ko na ƙananan giyar da ke ba tayoyi damar juyawa daban-daban a kwana. Motar da ta fitar da irin wannan ba na barinta ta bar gareji da kaya, ko mai ita zai yi fushi.

Akwai abin da maganadisu ba ya kamawa, wato tagulla. Fita da daron rana ka karkata shi. In ka ga man yana walƙiya ruwan zinare, washa ce ko bushin na tagulla ke cinyewa a ciki. Launin man ma magana ne. Man giya dama yana da warin farar wuta, wannan ba laifi ba ne, amma baƙi ƙirin mai ƙauri ya sha zafi, wanda ya koma kamar shayi mai madara kuwa ruwa ne ya shige shi. Da damina ka fara duba ɗan bututun numfashi da ke saman aksul. Ta nan ruwa kan shiga, in kuma laka ta toshe shi sai iska ta matsa wa sil, mai ya riƙa yoyo har ya yi ƙasa ba wanda ya lura.

Kuskurena na biyu ya zo bayan na ɗauka na koyi darasi. Na canza boris a wata mota, na haɗa komai daidai, amma ban wanke hannuwan aksul ɗin ba, waɗanda shaf ke bi zuwa tayoyi. Tsohon ɓarɓashin da ya maƙale a can ya dawo cikin sabon mai ya cinye sabon boris. Yanzu sai na zare shaf, na wanke ciki da man gas, na tura tsumma a kan sanda har ya fito fes. A aksul da yawa mai ɗaya ne ke kaiwa har boris ɗin tayoyi, don haka ƙarfen da ka gani a tsakiya yana iya zama daga can ya taho. Kiraun da finiyon kuma tare aka wasa su a kamfani, ba a canza ɗaya a bar ɗaya.

Bayan gyara, tambayi abin da ya jawo cin. Haƙoran nan gogar juna suke yi ƙarƙashin nauyi, shi ya sa suke buƙatar mai mai lamba GL-5, 80W-90 ko 85W-140 gwargwadon abin da littafin motar ya ce, ba baƙin man inji ba, ba kuma na jarkar bakin hanya ba. Duba ko an haɗa sabuwar taya da wadda ta cinye a aksul ɗaya, ka kuma tambayi direba ko yana danna makullin aksul, wanda ke sa tayoyin gefe biyu su juya tare, alhali taya na juyawa a cikin laka.

Abin da na tace a ƙyalle ba na zubarwa. Ina ɗaukar hotonsa, in nuna wa mai mota da idonsa, in ƙulle shi a leda in rubuta lambar motar da ranar. In ta je Legas ta dawo, sai in sake kwance notin in ajiye sabon kusa da tsohon in gwada.