Asubar hunturu a Stonehenge

Daga tashar Waterloo ta Landan zuwa Salisbury tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa. A can na kwana, da duku-duku na hau bas zuwa Stonehenge, tsohuwar da'irar manyan duwatsu da ke tsakiyar filin Wiltshire inda babu abin da ke tare iska. Lokacin ne dare ya kai maƙurar tsawonsa, 21 ko 22 ga Disamba. Wuni da kyar yake kai awa 8, wajen ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi.

A sauran ranaku igiya ce tsakanin maziyarci da duwatsun, amma a wannan safiya hukumar English Heritage, mai kula da wurin, kan bari a shiga har ciki. Na tarar da wuri ya cika maƙil. Ga Duruyid, masu bin addinin gargajiya, cikin fararen riguna, riƙe da sanduna; ga mata da rawanin ɗanyen ganye a ka; ga makaɗa da masu busa ƙaho. Wata dattijuwa ta jingina goshinta da dutse, leɓɓanta na motsi, yatsunta sun yi jawur don sanyi. Na sa tafin hannuna kusa da nata. Dutsen da laima, ga gansakuka ta manne masa.

Ni kallo ya kai ni, ba ibada ba, amma ban raina abin da na gani ba. Wanda ya saba da ranar Kano ba zai gane murnar nan ba sai ya ɗanɗana makonnin duhun Ingila.

Manyan duwatsun, masu nauyin kusan tan 25 kowanne, an kafa su wajen shekara ta 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, ƙananan kuwa tun daga tsaunukan Preseli na Wales aka jawo su. Maginan sun daidaita ginin da mafaɗar rana ta wannan yini, ko da yake taron yanzu fitowarta yake jira. A Durrington Walls, wani tsohon matsuguni nan kusa, an tono ƙasusuwan aladu jingim da ke nuna a tsakiyar hunturu ake yanka su, a yi gagarumin biki. Duruyid na yau ba su ne maginan ba; ƙungiyoyinsu a ƙarni na 18 suka samo asali.

Jim kaɗan bayan ƙarfe takwas gabas ta yi ja. Ganguna suka tsananta, wuri ya kaure da sowa, wanda ya san ka da wanda bai san ka ba kowa na miƙo hannu yana yi maka barka. Kafin hantsi ma'aikata suka fara sallamar jama'a, na bi layin bas ina neman inda zan sami shayi mai zafi.