Mako na uku da hatimi: na kai gida bakwai-bakwai

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Daren jiya na kammala hatimi mai gida 49, wato zane mai gidaje da ake jera lambobi 1 zuwa 49 a ciki yadda jimlar kowane layi za ta zama ɗaya, kowane layi ya ba ni 175, a tsaye, a kwance, har daga kusurwa zuwa kusurwa. Sau huɗu ina gogewa kafin ya fita.

Abin da ya jefa ni cikin wannan harka shi ne labarin Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya yi rubutu da Larabci kan yadda ake gina hatimi mai layuka mara, irin su 3, 5 da 7, ya kuma rasu a can a 1741. Ni da na tashi ina ganin hatimi a allon malamai, ban taɓa kawowa a raina cewa akwai lissafi tsantsa a cikinsa ba. Kunya ta ɗan kama ni, gaskiya.

Hanyar da nake bi mai sauƙi ce, ba ta Malam ba, don shi har da tsallen doki irin na wasan shaɗaranji yake amfani. Ka sa 1 a tsakiyar layin sama. Daga nan ka haura gida ɗaya ka karkata dama, ka rubuta lamba ta gaba, haka za ka yi ta yi. In ka faɗa waje, sai ka ɓullo ta ɗaya gefen. In ka tarar da gida a cike, ka sauko ƙasan lambar da ka rubuta yanzu. A nan nake ta tuntuɓe, ina saukowa ƙasan gidan da ya tare ni, komai ya rushe. Sai jiya na lura cewa a mai bakwai, hanya ba ta toshewa sai bayan 7, 14, 21, 28, haka har ƙarshe. Tun da na gane haka ban sake ɓata ba.

Mai uku 15 yake bayarwa, mai biyar 65, waɗannan yanzu ko a ƙasa da tsinke ina zana su.

Mai huɗu kuwa ya ƙi ni ƙememe. Na san jimlar kowane layinsa 34 ce, amma wannan hanya ba ta aiki a kansa. Wanda ya riga ni fitar da shi, don Allah kada ya faɗa mini amsa tukuna, ya bar ni zuwa Juma'a.