Wasiƙa zuwa gida: dandamalin katakon da ba a yi wa magani ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kuna lafiya ya iyali. Nan inda nake ruwan sama baya ɗaukewa sosai, kuma gidaje da yawa suna da dandamalin katako a bayan gida, irin wanda ake jera falankai a kan ginshiƙai a sa kujeru a sha iska. Naga wasu cikinku sun fara sha'awar yinsa, shi yasa nace bari in rubuto tun kafin ku kashe kuɗinku a ga abu ya lalace.

Katakon da ba a dafa shi da maganin ruɓewa ba, abinda ke cinye shi ruwan da ya kwanta ya ƙi bushewa ne. Ruwan sama ya sauka ya wuce ba komai. Fumfunar da ke ruɓar da katako bata samun wurin zama sai danshin cikinsa ya haura kamar kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka, to duk aikin shine kar a bari ya daɗe. A bar rata kamar milimita 5 zuwa 6 tsakanin falanki da falanki, a ɗan karkata shi kamar santimita 1 a kowace mita don ruwa ya gangara, ƙarƙashi kuma iska ta dinga ratsawa, kar katako ya taɓa ƙasa ko kaɗan don a wuri mai zafi nan ne gara ke samun hanya.

Wannan ratar ita mutane ke mantawa da ita wallahi. Ganye ya faɗo, ƙura ta taru, su cushe ramin su zama kamar soso, sai kaga saman fes amma gefen falankin ya yi baƙi ya yi laushi. Tsintsiya da wata 'yar siririyar wuƙa ta sakace ramin sun fi kowane mai tsada amfani. Tukwanen fulawa ma a ɗora su kan wani abu ya ɗaga su, ɗaga tukunyar da ta shekara a wuri ɗaya kaga baƙin zagayen da ta bari.

Launin toka da katako ke komawa aikin rana ne, haskenta ke cin fatar sama, kuma ni a ganina ba aibu bane indai cikin da ƙarfinsa. Gansakuka ce abin tsoro, santsi gareta in ta jiƙe, tsoho ko yaro zai iya zamewa. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu da buroshi mai tauri ana bin tsawon katakon. Injin feshin ruwa mai ƙarfi kuwa a yi hattara, in aka matso da bakinsa yana tayar da zaren katakon ya bar shi da kaushi, ruwa ya ƙara samun wurin shiga.

Sai maganar shafawa. Don Allah a bar fenti da banish a kan abinda ake takawa, suna yin ɓawo a sama, rana ta fasa shi ruwa ya shige ya rasa hanyar fita. Mai wanda katako ke shanyewa ya fi, sau ɗaya a shekara ya isa a mafi yawan wurare. Gwajin ba wuya, ɗiga ruwa a kai, in ya tsaya ƙwallo-ƙwallo da sauran mai, in ya shige nan take lokaci ya yi. A bari ya bushe kamar kwana 2 bayan wanki, kar a shafa cikin tsakar rana, a shafa siriri a goge ragowar kafin ya yi danƙo. Bakin falankin inda zarto ya yanka a ƙoshar da shi sosai, ta nan ya fi zuƙar ruwa nesa ba kusa ba.

Kusoshi a nemi waɗanda basa tsatsa, baƙin ƙarfe na barin baƙin tabo a katakon wasu itatuwan ƙasashen waje irin su ok (oak) da sida (cedar). Lokaci lokaci a soka sukundireba kusa da ƙusa da kan ginshiƙan ƙasa, in ta nutse ba wahala wannan falankin ya tafi, a cire shi kafin ya shafi na kusa.

Tsumman da aka shafa man linsid da shi (wani man tsirrai ne da ake shafa wa katako) kar a dunƙule shi a jefa kwandon shara, yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama da wuta. A shanya shi a buɗe a waje ya bushe ƙarau, ko a tsoma shi cikin bokitin ruwa.

A gaida kowa da kowa.

Ɗan uwanku na nesa.