Kuben fata a bakin hannayen jigo: sai a ɗinki na uku ya zauna

Ranar Asabar da ta wuce na juya jirgin ruwana, mai tafiya da ƙyallen da iska ke turawa, ta gaban iska sau goma sha huɗu a tafkin madatsar ruwa ta Kangimi, kuma a kowane juyi ƙyallen gaba ya zame ta bakin hannun jigo ba tare da ya maƙale ba. Jigo shi ne dogon sandan da ke ɗauke da ƙyallayen jirgi, hannayensa kuma gajerun sanduna biyu ne a dama da hagu, masu tokare wayoyin gefe da ke riƙe jigon a tsaye. Na yi farin ciki ƙwarai, domin wata uku ke nan ina fama da wannan ɗan wuri da bai kai faɗin tafin hannu ba, har akwai daren da na ajiye allura na ce na haƙura. Ina rubuta wannan ne saboda 'yan'uwa masu koyo irina, waɗanda jiragensu ke kwana a rana kamar nawa.

Abin ya faro ne a ƙarshen damina, cikin Oktoba, lokacin da ƙyallen gaba ya yage kusan taƙi guda a gefensa na baya, daidai inda yake gugar bakin hannun dama. Da na kawo jirgin gida Barnawa, muka kwantar da jigon a kan benci biyu a tsakar gida, sai na ga hular robar da ke bakin hannun ta tsage gida biyu, ta bushe har tana marmashewa a yatsa. Wannan bai ba ni mamaki ba, don duk wanda ya taɓa barin bokitin roba a ranar Kaduna ya san ƙarshensa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne abin da na tarar a ƙarƙashinta. An naɗe wurin da salatif irin na masu wayarin, an rufe shi ruf sama da ƙasa, saboda haka duk ruwan da ya gangaro ta jikin wayar gefe ya shiga, bai sami hanyar fita ba. Ƙurar hunturu ta shekaru ta haɗu da wannan ruwa ta zama taɓo, kuma a cikin taɓon alminiyam ɗin hannun ya zauna manne da wayar ƙarfe marar tsatsa. Idan waɗannan ƙarafa biyu suka haɗu a cikin danshi, alminiyam ne yake ciwuwa. Na kankare farin gari mai yawa, na tarar da ƙananan ramuka a bakin hannun, tsagin da waya ke zama a ciki ya buɗe, siririyar wayar da ta ɗaure su kuma ta tsinke, kuma tsininta ne ya huda robar ya yaga mini ƙyalle.

Kafin komai na bi wayoyin gefe biyun da auduga daga sama har ƙasa. Wayata mai sili 19 ce, kaurinta milimita 4, kuma da sili ɗaya ya karye, da audugar ta maƙale a wurin. Alhamdu lillahi ba ta maƙale ko'ina ba. Na ƙara duba inda salatif ya rufe da gilashin ƙara girma, domin shi ma ƙarfe marar tsatsa yana ciwuwa a ɓoye idan aka hana shi iska aka bar shi cikin ruwa. Ya fita lafiya. Bakin hannun kuwa na goge shi da sanfefa mai laushi, wani maƙeri a Panteka ya daidaita mini tsagin, na sa ɗan siririn yankin roba mai tauri tsakanin waya da alminiyam don kada su ƙara taɓa juna.

A nan akwai abin da na kusa yin kuskure a kansa. Na yi alama a jikin waya inda kowane hannu yake zaune kafin in kwance, da niyyar in mayar da su yadda na same su. Da na auna daga maƙalin waya na saman jigo, sai na ga na dama ya fi na hagu nisa da santimita 2, wato ya sulluɓo ƙasa tun lokacin da ɗaurinsa ya tsinke. Kun san dole ne kusurwar da ke tsakanin hannu da waya ta zama ɗaya a sama da ƙasa, shi ya sa bakin hannu yake ɗan ɗagawa sama. Hannun da ya sunkuya yana iya zamewa gaba ɗaya idan iska ta yi ƙarfi, jigon kuma ya tafi tare da shi. Na bi awon na hagu, na ɗaure duka biyun da siririyar wayar ƙarfe marar tsatsa, na lanƙwasa tsininta ciki. Wani ya ba ni shawarar in yi amfani da wayar tagulla ta lantarki tunda ta fi laushi, na ƙi, domin tagulla ta fi saurin cinye alminiyam.

Daga nan na yi odar sababbin hulunan roba daga Ingila. Da kuɗin kaya da na aike sun tasar wa naira dubu 60, na jira mako uku, da suka iso kuma suka yi wa hannayena yawa, suna rawa a kai. Laifina ne, faɗin hannun kawai na auna, ban auna kaurinsa ba. Kuɗin nan ya yi mini ciwo, kuma ko da sun yi daidai, shekara nawa za su yi a wannan rana tamu? A nan ne na yanke shawarar in yi kube na fata, kamar yadda masu jiragen da suka riga mu suke yi, tunda dai fata ba baƙon abu ba ce a ƙasarmu.

Ɗinkin farko na yi shi da jar fatar akuya, saboda laushinta ya burge ni. Ta ɗinku cikin sauƙi, ta yi kyau a ido. Da na zuba mata ruwa don gwaji, na goga wani farin ƙyalle a kai, sai ga ja ya fito sosai, kuma da a ruwa hakan ta faru, da ƙyallen gabana ya ɗauki tabon da ba ya wankuwa. Ban da haka ta yi siriri da yawa, ina jin tudun ɗaurin waya ta cikinta da yatsana. Na farke ta.

Na biyu shi ne ya wahalar da ni, kuma a kansa nake son ku tsaya. Na sayo fatar saniya jemammiya da bagaruwa, wadda ba a rina ba, mai kaurin kusan milimita 2. Siffar wurin ita ce matsalar: waya tana tsaye, hannu yana kwance, saboda haka fata guda ɗaya za ta naɗo wayar ta waje, fikafikanta biyu su rufe gaba da bayan hannun, a yi ɗinki ɗaya a sama da ɗaya a ƙasa, kowanne yana bin waya sannan ya karya kwana ya bi hannu. A wannan kwanar, wadda nake kira hammata, fatar takan tattare ko ta buɗe baki. Na yanka awo da kwali, na huda ramuka da basilla ina bin gefe da ido, na jiƙa fatar na fara ɗinki. Lokacin kuwa tsakiyar Disamba ne, iskar hunturu tana busar da komai, kafin in kai kwana fatar ta bushe ta ƙi miƙewa. Na gama da ƙyar. Washegari na tarar kuben ya murɗe, ɗinkin sama ya karkato ya koma bayan hannu, ya yi tudu mai tauri kamar itace. Wato na cire tsinin waya na maye gurbinsa da tsinin fata, a gefen da babban ƙyalle, wato na bayan jigo, ke kwantawa idan iska tana bayan jirgi. Na farke, na sake jiƙawa, na sake ɗinkawa a kan ramukan nan, ya sake murɗewa ta gefen da ya murɗe da farko. Raina ya ɓaci matuƙa a daren nan, domin na rasa gane inda kuskuren yake.

Da safe na kwance hannun daga jikin jigo, na ɗauki guntun waya, na tafi da su wurin wani dattijo baduku a Tudun Wada wanda ya shekara da shekaru yana ɗinkin kuben wuƙa da na takobi. Bayan mun gaisa na ce, “Baba, ga aikin da ya gagare ni, ina neman a duba mini.” Ya karɓa ya jujjuya, bai tambaye ni komai game da jirgi ba. Ya sa farce yana ƙirga ramukan, sannan ya ce, “Ɗana, wannan gefe ramuka 23 ne, wancan 24. Ramin da ba shi da abokin zama shi ne yake jan fatar.” Daga nan ya ja fatar ta tsawo, ya ja ta ta faɗi, ya nuna mini cewa ta fi miƙewa ta fuska ɗaya. Ya ce daga wajen ciki na yanko ta, inda fata ta fi saki, kuma na yanka ta a karkace, don haka da ta bushe gefe ɗaya ya fi ɗaya tsukewa. Ya ce in yanko daga gadon baya, in sa tsawon kuben ya bi layin ƙashin baya, domin ta nan fata ba ta cika miƙewa ba.

Sauran abin da ya koya mini a zaman nan ya fi kuɗin da na biya shi, don naira dubu 3 kawai ya karɓa, shi ma sai da na matsa. Ya ninka fatar biyu ya huda gefen biyu a lokaci guda, ta yadda kowane rami yana da ɗan'uwansa. Ya bar tazarar milimita 6 tsakanin ramuka a miƙaƙƙen wuri, ya matso da su kusa da juna a hammata, kuma maimakon ya yanka kwanar da kusurwa mai kaifi, sai ya zagaye ta kamar bakin ƙwarya. Ya rage awon kwalina da kusan milimita 3, ya ce idan gefuna suka haɗu tun kafin a ja zare, kuben zai yi sako-sako bayan ya bushe. Ya kuma fefe bakin fatar ta ciki da aska don kada ya yi tudu. Game da ɗinkin kansa, ni na zo da wanda na koya, na allura biyu, inda kowace allura ke shiga ta tsakanin gefuna ta fito ta rami, gefunan su haɗu baki da baki ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. Ya duba ya ce ya yi, sai dai in riƙa jan zaren biyu da ƙarfi ɗaya.

Wuri ɗaya ne muka saɓa. Shi yana son a rufe kuben ko'ina, don a wurinsa kuben da aka bar wa kafa aiki ne da ba a gama ba. Na yi masa bayanin farin garin da na kankare, na ce, “Baba, ruwa zai shiga ko mun so ko ba mu so ba, abin da nake nema shi ne ya sami ƙofar fita.” Ya yi shiru kaɗan, sannan ya nuna mini yadda zan tsayar da ɗinkin ƙasa saura rami uku, in ƙulle zaren a nan, in yanke bakin fatar a ɗan buɗe ta yadda ba zai kama waya ba. Ya kuma ba ni shawarar in shafa man kaɗanya, amma na ji tsoron maiƙo a jikin ƙyalle da kuma ƙurar da zai tara, don haka kakin zuma kaɗan na goga a waje bayan fatar ta bushe.

Na yi ɗinki na uku da asuba, kafin iska ta taso, da ƙwaryar ruwa da soso a gefena, ina danna fatar da ruwa bayan kowane ɗinki huɗu. Zaren roba mai kauri na yi amfani da shi, wanda na ja ta cikin kakin zuma, domin zaren auduga ba zai kai damina biyu ba. Na fara daga saman waya na gangaro zuwa hammata, na matse bakin sama sosai, sannan na juya na yi na ƙasa. Kowane kube ya ci mini kusan awa biyu. Na bar su kwana biyu a inuwa, kuma da na koma na kama na dama da hannu biyu na murɗa da iyakar ƙarfina, bai motsa ba. Ɗinkin yana nan a tsakiyar hannun inda na bar shi, bayan fatar sumul. Na tsayar da hannun, na zuba ruwa kofi guda ta jikin waya, na ga yana ɗigowa ta ƙasa. Na kira mai ɗakina da yara suka zo suka gani, don na kasa riƙe murnar ni kaɗai.

Sauran wuraren guga ban sha wahalarsu ba. Duk fil mai baki biyu da ke jikin jigo na gajarta ƙafafunsa, na goge tsininsu, na naɗe su da tef ɗin roba mai kama jikinsa ba tare da gam ba, shi ma na bar ƙasansa a buɗe. Yagewar ƙyallen kuma wani tela mai ɗinkin tamfol ne ya gyara ta, na tsaya a kansa don ya yi ɗinki mai zigzag ya kuma zagaye kusurwoyin facin.

A Kangimi, bayan mun tayar da jigo mun ɗaure wayoyi, na koma nesa na hango hannayen biyu, na ga sun ɗaga daidai da juna. Da na ja ƙyallen gaba sosai, na sa ɗana ya lura da inda yake taɓa kuben, muka sauke muka yi alama da fensir. Ashe facin da tela ya yi ya rufe yagewar, amma wurin gugar ya zarce shi ta sama, da kusan yatsa huɗu, saboda ƙyallen yana hawa idan aka sassauta igiya. Zan ƙara wani facin mai faɗi a fuska biyu kafin fita ta gaba, kuma babban ƙyalle ma yana bukatar nasa. Kuben dama kuwa na ƙudurta zan farke ɗinkinsa na ƙasa bayan ruwan farko na watan Mayu in leƙa alminiyam ɗin, domin fatar bagaruwa tana riƙe danshi, kuma ina son in gani da idona ko ƙofar da na bari ta isa. Idan a cikinku akwai wanda ya taɓa ɗinka irin wannan kube da fatar da aka jeme a masana'anta, ina roƙon ya gaya mini yadda ta kasance bayan damina.