Tsohuwar fitilar da aka sauke yau a bakin kasuwarmu

Yau da safe ma'aikata suka zo kafa fitilun sola a ƙauyenmu da ke kan hanyar Ringim, sai suka sauke tsohon kan fitilar da ke maƙale a falwayar bakin kasuwa tun zamanin NEPA. Wani dattijo da ya daɗe yana gyaran wuta ya karɓe shi, ya share ƙurar da gefen babbar rigarsa, ya ce mini: "Malam, dubi ƙwan nan da kyau." Ya nuna mini cewa ƙwan mai siffar ƙwai da farin shafe a cikinsa na makyuri ne, wanda haskensa fari ne mai ɗan shuɗi, shi kuwa na sodiyam galibi dogo ne garau, kuma haskensa ruwan lemo ne. Daga nan ya ɗora mini wani ƙarfe mai nauyi a tafin hannu, ya ce cok ke nan, wayar tagulla ce aka naɗe a cikinsa domin ta taƙaita wutar da ke shiga ƙwan kada ya ƙone. Ƙaramin kofin da ke saman kan fitilar kuma shi ne ke gane faɗuwar rana ya kunna fitilar da kansa.

Na ji daɗin zuwan sola, domin ba ta jiran a kawo wuta. Sai dai raina ya sosu da na lura cewa a cikin duk waɗanda muka taru, shi kaɗai ne ya san sunan kowane ɓangare da aikinsa, kuma babu wani yaro da ke koyo a hannunsa.