Daren da babu likita a sashen Baba

Makonni uku Baba ya yi kwance a sashen farfaɗo da majinyata bayan shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Kafin lokacin ban taɓa damuwa da yadda asibiti ke raba wa likitocinsa aiki ba.

Likitoci biyu ke duba shi. Ɗaya ƙwararre ne kan dawo da aikin gaɓoɓi, shi ke zama duk mako da masu ba da atisaye da mai koyar da magana da haɗiya, su auna inda aka kai. Ɗayar kuma likitar cututtukan cikin jiki ce, ita ke bin hawan jininsa da sukarinsa. Wallahi tsarin ya burge ni, domin da mutum ɗaya aka ɗora wa duka, da wani ɓangaren ya sha wuya.

Matsalar dare ce. Wata rana zazzaɓi ya rufe Baba wajen ƙarfe biyu, likitan da ke jiran kira kuma yana gida. Ta waya nas ɗin ta yi masa bayani. Sai da safe aka gano ciwon mafitsara ne, atisayen kwana biyu ya tafi a banza. Ban ga laifin nas ɗin ba, ta yi iya ƙoƙarinta.

Daga baya na karanta cewa a Amurka, Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnati, na buƙatar a duba irin wannan majinyaci ido da ido aƙalla kwana 3 a mako, ya kuma yi atisayen awa 3 a rana, kwana 5 a mako.

Yau Baba ya taka daga gado zuwa ƙofa da sanda. Alhamdulillahi.